Ma'anar "turbin gas": gas ɗin ba na tanki ba ne

Kwanan nan da wuya a buɗe hira kan wutar lantarki ba a jefo "ƙaramin turbin gas" ba. Na ji wani mai sharhi a rediyo ya fassara shi da "janareta mai shan man gas", abokin hirarsa ya yi caraf ya gyara masa, wai ai iskar gas irin ta girki yake sha. Su biyun duk sun saki hanya, kuma babu wanda muryarsa ta yi rawa.

Gas ɗin da ke cikin sunan ba abincin injin ba ne, sunan abin da ke tura farfelarsa ne. Turbin ruwa, ruwa ke juya shi. Turbin tururi, tururi. Shi kuwa turbin gas, iska ce ake matsewa, a ƙona mai a cikinta, ta yi zafi ta kumbura, ta fito a guje ta daki fuka-fukan farfela. Abin da aka ƙona zai iya zama iskar gas, ko kananzir, ko man gas, ko ma iskar da ruɓaɓɓiyar shara ke fitarwa. Injin jirgin sama turbin gas ne, kananzir yake sha. Mu da tuntuni muka laƙaba wa dizal sunan "gas", ruɗanin namu ninki biyu ne.

Kalmar turbin kuwa daga Latin take, "turbo", wato guguwa ko katantanwa. Wani injiniya Bafaranshe, Claude Burdin, ya ɗora ta a kan injin ruwa a shekarun 1820. Katantanwar ce ta fi burge ni, domin duk labarin yana cikinta: ƙanƙantar abu, yawan juyinsa. Janaretan dizal yakan juya sau 1,500 a minti. Ƙaramin turbin mai kilowat 30 na kamfanin Capstone a Amurka yana juyawa sau 96,000 a minti, wato sau 1,600 kowane daƙiƙa. A wannan gudun sandar da ke ɗauke da farfelar ba ta taɓa komai, a kan siririyar iska take shawagi. Babu fistin, babu baƙin mai, babu ruwan lagireto, abu ɗaya tak ke motsi. Nan masu talla suke son a tsaya a tafa.

To amma ƙanƙanta tana da haraji. Tsakanin bakin farfela da bangon injin akwai 'yar tazara da iska ke sulalewa ta ciki, kuma in an rage girman injin, tazarar ba ta raguwa daidai da shi. Manyan tashoshin da ke haɗa turbin gas da na tururi suna mayar da sama da kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin mai zuwa lantarki. Ƙanana, masu kilowat 30 zuwa 'yan ɗaruruwa, suna tsayawa tsakanin kashi 25 da 33. Injin fistin mai irin wannan girma yakan wuce su, ga shi ya fi arha, ga makanikansa ko'ina. Sauran ƙarfin ta salansa yake fita, zafi ne zalla.

To batun da ake ta yayatawa cewa ƙaramin turbin yana cin moriyar kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin mai fa? Gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai an kama wannan zafin an yi aiki da shi, kamar otal ko asibiti ko masana'antar da ke buƙatar ruwan zafi dare da rana. Wanda fitila da fanka kawai yake so, ya sayi doki ne don ɗaukar tulu. Abin da ke ba ni haushi shi ne, ba a faɗin sharaɗin, lambar kawai ake faɗa.

Akwai sauran ƙananan ƙayoyi. Sai an ƙara wa iskar gas matsi kafin ta shiga, wani injin ke nan da shi ma yake cin wuta. In gari ya yi zafi iska takan yi shara-shara, ƙarfin turbin ya ragu. Ga farantan sola da batir suna ta sauka a farashi suna kwashe masu saye. Shi kansa Capstone, da ya fi kowa suna a wannan sana'a, a 2023 ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi.