Iskar Fon Ba Daga Sahara Take Zuwa Ba

A kwaruruwan Suwizalan da Ostiriya, arewa da tsaunukan Alps, akwai wata busasshiyar iska mai ɗumi da ake kira Fon. Ana tsakar sanyi sai ta sauko, kafin a ankara ƙanƙara ta narke. Shekara da shekaru mutane, har da masana, suna cewa daga Sahara take zuwa. Ba a ga laifinsu ba, tunda daga kudu take hurowa, kuma da zafinta.

A 1866 masanin yanayi Julius von Hann ya nuna irin wannan iska na hurawa har a Girinlan, tsibirin ƙanƙara da ke can arewa, inda babu hamada mai zafi ko kusa. Ashe a gangare take samun zafin. In ta tsallake tsauni tana sauka, nauyin iskar sama yana matse ta, sai ta ɗumama da kusan digiri 1 a duk mita 100. Danshinta kuwa, sau da yawa ta riga ta zubar da shi ruwan sama a ɗaya gefen.

Amurka ma na da tata, Chinook. A garin Spearfish, a Janairun 1943, ta ɗaga ma'aunin zafi daga digiri 20 ƙasa da sifili zuwa 7 sama da sifili cikin minti biyu kacal.