Kod a kiɗa da lissafi

Kod, wadda ake rubutawa chord a Turance, kalma ce da makaɗa da masu lissafin siffofi ke amfani da ita, kowa da abin da yake nufi. A lissafi miƙaƙƙen layi ne da ya haɗa wurare biyu a bakin da'ira, a kiɗa kuma sautuka ne uku ko fiye da ake kaɗawa a tare.

Asali

Tushen kalmar shi ne khorde na Girkanci, wato hanjin dabba, da tsarkiyar da ake murzawa daga hanjin a ɗaura wa abin kiɗa. Daga nan ta shiga Latin ta zama chorda. Sai dai kod ɗin kiɗa ba ta wannan hanyar ta biyo ba fa, masana harshe sun ce gutsuren accord ce, ma'ana jituwa, aka yanke mata kai ta koma cord, daga baya aka cusa mata harafin h don ta yi kama da waccan ta tsarkiya. Ba a daidaita kan lokacin da rubutun ya zauna haka ba.

A lissafi

In ka zana da'ira ka ja layi daga wannan gefe zuwa wancan, lanƙwasar da ke sama da layin baka ce sak, layin kuma tsarkiyarta. Kod ɗin da ta fi kowacce tsawo ita ce ta ratsa tsakiya, wato dayamita.

Nan ne tarihin ya fi daɗi. Ana danganta jadawalin kod na farko ga Hiparkus, masanin taurari na ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, amma nasa bai iso gare mu ba. Wanda ya tsira shi ne na Batlamiyus na Iskandariya cikin littafinsa Almajisti, wajen shekara ta 150, ya ɗauki da'ira mai dayamita 120 ya lissafa tsawon kod tun daga rabin digiri har digiri 180, rabi-rabi yana hawa, duk da hannu, kuma a ciki za ka ga kod ɗin digiri 60 ya fito 60 cif, daidai da rabin dayamita. Masanan Indiya irin su Aryabata, wanda ya yi littafinsa a 499, sai suka ga rabin tsarkiyar ya fi sauƙin aiki, suna ce masa jya ko jiva. Larabawa suka ara suka rubuta jiba, da yake ba a sa wasula aka riƙa karantawa jaib, wato wuyan riga ko aljihu, masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka mayar da shi sinus, mai irin wannan ma'ana, sayin (sine) ɗin da ɗalibai ke dannawa a kalkuleta yau kenan. Ita kod ɗin kanta Larabci watar yake ce mata, kalmar da ake kiran tsarkiyar baka da ita.

A kiɗa

Wadda aka fi sani ita ce mai sauti uku, kamar C da E da G a fiyano. Zarlino, masanin kiɗa na Italiya, ya yi bayaninta a 1558, Ramo na Faransa ya shimfiɗa ƙa'idojinta a 1722. Wasu na ƙirga sauti biyu a matsayin kod, wasu sun ce sai uku.