Harsashin AK-47: Tambayoyi da Amsoshi kan 7.62×39

A Jos, duk lokacin da jami'an tsaro suka baje kolin makaman da suka kama, za ka ji ana ambaton harsasai masu lamba 7.62. Galibi na AK-47 ake nufi, amma lambar kaɗai ba ta isa shaida ba.

Me lambobin suke nufi?

7.62 faɗin ramin bututun bindiga ne a ma'aunin milimita, 39 kuma tsawon kwanson harsashin. Akwai wasu 7.62 ɗin: 7.62×51 na ƙungiyar NATO, wanda bindigogin G3 da FN FAL ke ci, da 7.62×54R na Rasha da ya samo asali tun 1891. Ko ɗaya ba ya maye gurbin ɗan'uwansa.

Wa ya ƙirƙiro shi, kuma don me?

Tarayyar Sobiyet, a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Injiniyoyi biyu, Elizarov da Semin, su ne kan gaba. A lokacin soja yana tsakanin zaɓi biyu: doguwar bindiga mai harsashi mai tafiyar nisa da naushin kafaɗa, ko ƙarama mai ɓarin wuta wadda harsashinta ke gajiya da wuri. Alhali yawancin artabu bai wuce tazarar mita 300 ba. Jamusawa sun riga su gane haka, suka fito da 7.92×33, kuma Rashawa sun kama irinsa a fagen daga suka yi nazari. Nasu na farko kwansonsa milimita 41 ne, daga baya aka rage shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, harsashin ya girmi bindigar: bindigogin SKS da RPD sun riga AK-47 cin sa, ita sai 1949 rundunar soja ta karɓe ta.

Me ya sa gidan harsashin AK ya lanƙwashe?

Kwanson ne sila. Gindinsa ya fi kafaɗarsa faɗi sosai, saboda haka in aka jera guda 30 dole layin ya karkata. Wannan tsukewar ita ce hikimar ƙirar. Kwanso mai tsukakken kai da ya ɗan motsa baya ya rabu da bangon ɗakin da yake zama a cikin bindiga, ko da ƙura, tsatsa ko zafi. Rabin sunan da AK ta yi na rashin cijewa, a gaskiya na harsashin ne.

Da me aka haɗa shi?

Sassa huɗu: kwanso, albarushi, ɗan kofin gindi da allura ke duka ya tada wuta, sai ƙwayar da ke fita. Ƙwayar tana da nauyin kusan giram 8, tana barin bakin bindiga da gudun kimanin mita 715 a daƙiƙa. Ta Sobiyet cikinta ƙarfe ne da ɗan dalma kewaye. Kwanson ma na ƙarfe ne da aka shafe da jan ƙarfe ko fenti, don tagulla na da tsada. A gindinsa akan buga lambar masana'anta da shekara. 539, misali, ta Tula ce. Koren kai alamar mai haske ne da ake ganin tafiyarsa da dare.

Ina matsalarsa?

Tsofaffin na soja suna barin wani gishiri a bututu bayan harbi. Gishirin yana jan danshi, kuma a daminar Jos tsatsa kan bayyana cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ba ya narkar da shi. Ruwa ke yi, sannan a busar, a shafa mai. Na biyu, ƙwayar na da nauyi kuma ba ta da gudu sosai, don haka bayan mita 300 tana sunkuyawa da sauri. Wannan, da nauyin ɗauka, ya sa Sobiyet ta koma 5.45×39 a 1974 tare da AK-74.

Farar hula na iya mallakarsa a Najeriya?

Dokar makamai ta 1959 ta saka bindigogin soja masu 7.62 cikin haramtattun makamai, kuma riƙe harsashinsu ba lasisi laifi ne. Wanda ya tsinci harsashi mai rai a gona kada ya buge shi ko ya jefa shi a wuta. Ya bar shi inda yake, ya sanar da 'yan sanda.