Binciken hukumomi kan lahanin mazaunin injin mota

Mazaunin inji, wanda makanikai ke kira injin sit, shi ne abin da ke riƙe injin mota da akwatin giya a jikin shasi. Galibi roba ce mai kauri da aka manna tsakanin ƙarafa biyu, kuma mota kan ɗauki uku ko huɗu. Aikinsa biyu ne: ya hana inji motsawa daga gurbinsa, ya kuma shanye karkarwarsa kada ta iso ga sitiyari da kujeru. Wasu motocin zamani na amfani da mai ruwa a ciki, wanda ya fi shanye jijjiga amma yakan fashe ya tsiyaye.

Kowane mazaunin inji yana mutuwa da tsufa. Zafi na busar da robar, baƙin mai da ke ɗiga yana narkar da ita, gargada na tsattsaga ta. Wannan ba ya cikin abin da hukumomin kiyaye haɗura ke bincika. Abin da suke nema shi ne lahanin da ya fito tun daga ƙira ko daga masana'anta, wanda ke maimaita kansa a motoci iri ɗaya kuma zai iya jawo asarar rai. Raba tsufa da lahani shi ne ƙashin bayan kowane bincike, kuma a nan ne kamfanoni da hukuma suka fi ja-in-ja.

Batun Chevrolet na 1971

Lamarin da ya fi shahara ya faru ne a Amurka. A 1966 ƙasar ta kafa dokar lafiyar motoci, a 1970 kuma aka samar da hukumar NHTSA mai sa ido kan lamarin. A wannan tsakanin ƙorafi ya yi ta taruwa kan motocin Chevrolet na kamfanin General Motors masu injin V8 (mai silinda takwas), waɗanda aka ƙera daga 1965 zuwa 1969.

Yadda abin ke faruwa shi ne ya sa ya zama mai haɗari. Idan direba ya taka totur, ƙarfin juyawar inji na danna gefe ɗaya ƙasa, ya ɗaga ɗayan sama. Mazaunin hagu shi ke shan jan. Da zarar robarsa ta rabu da ƙarfe, babu abin da ya rage da zai tare injin, sai ya ɗago. A motocin wancan zamani sandar ƙarfe ce ta haɗa totur da kafireto, don haka ɗagowar injin na fizgar sandar, mai ya ƙara kwarara, inji ya ƙara ƙarfi, ya ƙara ɗagowa. Direba ya ɗauke ƙafa amma mota na ci gaba da gudu. Wani lokaci tiyon da ke taimaka wa birki ya fizge a daidai wannan lokaci, birki ya yi tauri.

A watan Oktoba 1971 hukumar ta fitar da gargaɗi ga masu motocin, 'yan fafutuka irin su Ralph Nader kuma suka matsa lamba. A Disamba kamfanin ya kira motoci kimanin miliyan 6.7 domin gyara, adadin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Bai amince cewa akwai lahani ba, kuma bai sauya mazaunan ba: wayar ƙarfe ya ɗaura da za ta tare injin idan robar ta rabu. Maganin ya fi araha nesa ba kusa ba, ya kuma sha suka, don an toshe sakamakon ne aka bar tushen. A motocin da aka ƙera bayan waɗannan, ƙira ta koma ga mazauni mai ƙarafa masu sarƙe juna, ta yadda ko roba ta mutu inji ba zai kuɓuce ba. A 1974 aka gyara dokar, ya zama tilas kamfani ya gyara lahani kyauta.

Yadda ake binciken

A Amurka ana farawa ne daga ƙorafin masu mota da bayanan da kamfanoni ke miƙawa, wajibcin da dokar TREAD ta 2000 ta faɗaɗa. Idan alamu suka yi yawa sai a buɗe binciken share fage, a nemi takardun kamfani, in ta kama a wuce zuwa gwajin injiniyoyi. Mafi yawan lokuta kamfani kan yi kiranye, wato kiran motoci domin gyara, da kansa kafin a tilasta masa. Birtaniya da Japan da Tarayyar Turai duk suna da tsari makamancin haka.

A motocin yau totur na aiki ne da waya ko lantarki, saboda haka irin tseren Chevrolet ya yi wuya. Amma injin da ya sauka daga gurbinsa na iya taɓa lagireto, ya karya salansa, ya tsinke wayoyi ko ya zare shaf ɗin da ke juya taya.

Halin da ake ciki a Kaduna

Kaduna gari ne da ya san haɗa mota, tun da masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara aiki a 1975. Sai dai yawancin motocin da ke bin titin Ahmadu Bello a yau na hannu ne, 'yan Kwatano da waɗanda aka sauke a Legas. Takardar kiranye tana zuwa ne ga adireshin mai mota a ƙasar da aka fara sayar da ita, ba ta tsallako teku. Mota na iya barin Amurka da lahanin da ba a gyara ba, ta yi shekaru a Tudun Wada ko Kawo, mai ita bai sani ba. Wanda ya sayi irin wannan zai iya shigar da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a shafin NHTSA ya ga ko akwai kiranyen da ke kanta.

A Najeriya aikin ya rarrabu: SON na kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, FCCPC na kare haƙƙin mai saye, FRSC da jami'an duba lafiyar mota na kan titi, a jihar Kaduna kuma akwai KASTLEA mai kula da dokokin hanya. Dubawar kan titi kuwa ta fi tsayawa kan taya, fitila da takardu, ba a cika buɗe bonet ba.

Saboda haka makaniki ne ke gano matsalar. Yakan sa yaronsa ya danne birki, ya sa giya, ya ɗan taɓa totur, shi kuma ya tsaya gefe yana kallon injin. In ya yi tsalle ko aka ji ƙwas, mazaunin ya tafi. Daga nan sai Panteka, kasuwar kayan gyara, inda mai mota zai zaɓa tsakanin sabo mai araha da ba a san inda aka yi shi ba da tsohon na asali da aka ciro daga wata motar. Da yawa sun fi yarda da na biyun.