GnRH da kalsiyam cikin ƙwayoyin fituwitari

Fituwitari wata 'yar gilan ce ƙasan ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinta wajen rabin giram. Sama da ita akwai haifotalamus, shi ka aiko mata homon (sinadaran aike na jiki) na umurni ta wasu ƙananan jijiyoyin jini. Ɗaya daga cikin homon ɗin shi ne GnRH, mai ba fituwitari umurnin sakin homon na haihuwa, mai amino asid 10, wanda Andrew Schally da mutanenshi sunka gano tsarinshi a 1971, kuma a 1977 shi da Roger Guillemin sunka samu kyautar Nobel kan irin wanga aiki.

To shi GnRH ko shiga cikin sel, wato ƙwayar fituwitari, ba ya yi. Shina liƙewa ga wata makama da ke jikin fatar sel, ita kuma ta tada furotin Gq, Gq ya tada enzayim fosfolifes C, wanda ka yanka wani kitse na fatar gida biyu, IP3 da DAG. IP3 ne mai mabuɗin rumbun kalsiyam na cikin sel.

Sel in yana hutawa kalsiyam ɗin da ke yawo cikinshi kaɗan ne ƙwarai, wajen nanomola 100, na waje ya ninka shi kusan sau 10,000. Da IP3 ya buɗe rumbun sai kalsiyam ya kwararo cikin 'yan daƙiƙu, kamar an ɗaga ƙofofin dam ɗin Goronyo, daga baya wasu ƙofofi na fatar sel su buɗe na waje ya riƙa shigowa a hankali yana cike gurbi. Kuma ba tashi guda yake ya tsaya ba, hawa yake yana sauka saboda fanfunan sel na maida shi rumbu, IP3 na sake sako shi. Wanga kalsiyam shi ka sa 'yan jakunkunan LH da FSH, homon biyu na haihuwa da fituwitari ka yi, su manne ga fatar sel su zubo cikin jini, su tafi wurin ƙwan mace ko 'ya'yan maraina.

Abin da ya fi ban mamaki wallahi, GnRH kashi-kashi yake zuwa, wajen kowane minti 60 zuwa 90. A 1978 Ernst Knobil da abokan aikinshi sunka nuna ga birai cewa in an zuba shi ba tsayawa, sel ɗin sai su daina amsawa, LH ya faɗi. Likitoci na amfani da hakan, allurar leuprolide, mai kwaikwayon GnRH, da ake yi wa masu kansar furostet haka take kashe samar da testosteron, homon na maza.