Abin da dokar Amurka ta ce kan kamfanin gidajen abinci da ke sake sayen hannayen jarinsa

Kamfani yana samun kuɗin gudanar da harkarsa daga masu hannun jari ko kuma daga masu ba da rance, kuma yadda ya raba nauyi tsakanin ɓangarorin biyu shi ne tsarin jarinsa. Idan ya sake sayen hannayen jarinsa daga kasuwa, adadinsu yana raguwa, rabon ribar kowane hannu yana ƙaruwa, amma kuɗin ya bar asusun kamfanin ke nan. Kamfanin gidajen abinci na McDonald's ya daɗe yana yin haka, wani lokaci da kuɗin rance, har ta kai tun daga 2016 littattafansa suna nuna cewa abin da ake bin sa ya zarce darajar kadarorinsa.

Mai karatu zai iya tambaya ta yaya doka ta bar kamfani mai irin wannan lissafi ya ci gaba da saye. McDonald's yana da rajista a jihar Delaware, kuma sashe na 160 na dokar kamfanoni ta jihar ya hana kamfani sayen hannayen jarinsa idan hakan zai taɓa ainihin jarinsa, domin kare haƙƙin masu bin sa bashi. Sai dai a 1997, a shari'ar Klang da kamfanin Smith's Food & Drug Centers, kotun ƙoli ta jihar ta yanke cewa daraktoci za su iya auna kadarori da darajarsu ta gaskiya, ba lallai da abin da aka rubuta a littafi ba. Wannan yana da muhimmanci ga kamfanin da ya mallaki filaye da gine-gine masu yawa waɗanda ya saya tun da daɗewa da araha, yana kuma karɓar haya daga 'yan kasuwar da ke gudanar da galibin shagunansa da sunansa. A ganina hukuncin yana da hujja, amma ya ɗora amana mai nauyi a kan daraktoci, domin su ne masu ƙiyasin kuma su ne masu son a yi sayen.

A matakin tarayya kuma, ƙa'ida ta 10b-18, wadda SEC, hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka, ta kafa a 1982, tana kare kamfanin da ke sake sayen hannayen jarinsa daga zargin murɗa farashi muddin ya yi amfani da dillali ɗaya a rana, ya kiyaye sharuɗɗan lokaci da na farashi, kuma bai sayi fiye da kashi 25 cikin 100 na matsakaicin cinikin hannayensa na kullum ba.

Daga farkon 2023 kuma aka fara karɓar harajin kashi 1 cikin 100 a kan darajar hannayen da kamfanin da ke kasuwar hannayen jari ya sake saya, bayan an cire waɗanda ya fitar a shekarar, har da na ma'aikata. Wanda sayensa bai wuce dala miliyan 1 a shekara ba an ɗauke masa. Sayen dala biliyan 1 zai jawo harajin dala miliyan 10 kacal, abin da da wuya ya sauya ra'ayin babban kamfani. Lokacin da Howard Schultz, shugaban kamfanin shagunan kofi na Starbucks a lokacin, ya dakatar da sake sayen hannayen jarin kamfanin a Afrilun 2022 don a zuba kuɗin a kan ma'aikata da shaguna, shawarar kamfanin ce, babu dokar da ta tilasta masa.