Tambayoyi da amsoshi kan gyaran kuskure a Bluetooth

Kusan kowane wata sai masu koyon haɗa na'urori sun zo mini da waɗannan tambayoyin. Ga amsoshin wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Mene ne gyaran kuskure?

Ƙarin bit-bit ne (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, 0 ko 1) da na'ura mai aikawa ke cusawa cikin saƙo, domin mai karɓa ta gane inda ya lalace a hanya ta gyara da kanta. FEC ake ce masa, wato Forward Error Correction a Turance.

Ba shi ne CRC ba?

A'a. CRC lambar tantancewa ce da ake liƙa wa saƙo, gano kuskure kawai yake yi. In ya ga ɓarna sai a sake turo ƙunshin (wato kason bayanan da aka aika tare) gaba ɗaya, wannan sake turowar kuma ita ce ARQ. Abu uku ne daban-daban, ku daina cakuɗa su.

Sabuwar fasaha ce?

Ina fa! Richard Hamming ya fitar da tsarinsa tun 1950 a Amurka, kuma shi Bluetooth ke amfani da shi har yau.

Idan na sa FEC, gudun bayanai zai ƙaru?

To, a nan ne ake yawan faɗa da ni. Ya danganta, kuma duk wanda ya ce maka "e" kai tsaye bai gwada ba.

A Bluetooth na asali manyan ƙunshin bayanai iri biyu ne, DM da DH. DM yana da FEC: kowane bit 10 ana ƙara masa 5 su zama 15, kuma cikin 15 ɗin nan bit ɗaya kacal ake iya gyarawa. DH ba ruwansa da wannan. Shi ya sa DH5, mafi girman DH, ke ɗaukar bayit 339 (bayit ɗaya bit 8 ne) yana kaiwa 723 kbps (wato bit dubu 723 a daƙiƙa), DM5 kuwa bayit 224 ne, iyakarsa 478 kbps. Kenan in na'urorinka biyu suna kan teburi ɗaya, hanya fes, FEC kaya ne kawai ka ɗora wa kanka, ka yi asarar kashi ɗaya cikin uku a banza.

Amma ka matsar da su nesa, siginar ta yi rauni, lissafin ya juye. Bit ɗaya ya lalace a DH5, duk 339 ɗin sai an maimaita. Mai tafiya a hankali da ba ya komawa baya sai ya riga mai gudu isa.

Sai dai kada ka yi saurin murna. Wannan yana aiki ne in kurakuran a warwatse suke, ɗaya nan ɗaya can. In Wi-Fi ne ya yi karo da ƙunshinka, bit-bit da yawa a jere yake sharewa, FEC ɗin nan ba zai tsinana komai ba. A irin wannan hali gara ƙaramin ƙunshi, DH1 ko DH3, tunda DH5 yana cin gurbin lokaci biyar a kan tasha ɗaya, ya fi saurin haɗuwa da tsautsayi. Mafi yawan lokaci ma cip ɗin Bluetooth da ke cikin na'urar da kansa yake sauyawa tsakanin DM da DH gwargwadon kyawun hanya. Ka ƙyale shi tukuna, ka ƙirga sau nawa ake maimaita ƙunshi a ainihin wurin da na'urar za ta zauna, sannan ka sa hannu.

Me ke kawo kurakuran ma tukuna?

Ban da nisa, cunkoso ne. Zangon 2.4 GHz kasuwa ce: Wi-Fi na ciki, tandar maikirowef na ciki. Bluetooth na tsalle tsakanin tashoshi 79 sau 1600 a daƙiƙa, kuma tun sigar 1.2 ta 2003 yana kauce wa masu hayaniya. Ba laifin haɗinka ba ne, kwantar da hankalinka.

An ce Bluetooth 5 ya fi sauri saboda gyaran kuskure.

Wanda ya faɗa maka ya haɗa abu biyu. A sigar 2016 akwai yanayin 2 Mbps, ba FEC a cikinsa. Mai FEC ɗin 500 kbps ne ko 125 kbps, nisa yake saya maka da kuɗin gudu.

Iyafis ɗina yana yankewa, zan iya kunna FEC a waya?

Babu wannan maɓallin. Jikinka ruwa ne, yana shanye siginar. Ciro wayar daga aljihun baya.